Wayar da Aka Yi wa Banda

Akwai labarin da kuke bayarwa a gidan nan duk lokacin da aka taru da salla, na ranar da Kulu, matar yayana Mamman, ta ɗora wayata a murhun banda kusa da kifi. Kuna bayarwa kuna dariya, har jikokin da ba a haifa ba a lokacin sun haddace shi, kuma kullum ƙarshensa ɗaya ne: da ba don ƙauyancin Kulu ba, da har yau bakin ruwan gonarmu ta Augie yana hannunmu. Shekara da shekaru ina zaune ina jin wannan labari, ban taɓa gyara ko kalma ɗaya ba. A nan zan gyara shi, domin na san inda ya karkace, kuma ni na karkatar da shi.

Kun san halina, idan na kama abu ɗaya ba na saki. Shekara talatin da wani abu ina aikin malamin gona, babur iri ɗaya na hau, tela ɗaya ya yi mini ɗinki har idonsa ya mutu. Saboda haka da na yi ritaya na zauna a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, na sayi waya da laftof na kamfanin nan da kuka sani, sai na kama shi kamar yadda na kama telan. Ba zan rubuta sunan kamfanin ba, na yi masa talla kyauta iya yi. Wayar siririya ce, gaba gilashi baya gilashi, laftof ɗin kuma ba ta kai kaurin littafin rubutu ba. Gaskiya suna da kyau, har yanzu ban janye wannan ba. Abin da na ƙi yarda da shi a lokacin shi ne kyan ne kawai na saya, don aikin da nake yi da su bai wuce kiran waya da duba hotunan jikoki ba. Na kan ɗauki laftof ɗin in tafi da ita majalisarmu ta bakin masallaci, in buɗe, in rufe, in dawo da ita gida. Idan wani ya ce cajarta tsada, ko ya ce ba ta da ramin da ake sa fulas na kwasar bayanai, sai in ji kamar mahaifina ya zaga. Na taɓa yin wata guda ba na gaisawa da wani tsohon abokin aikina don ya ce batirin wayarsa ya fi nawa daɗewa, alhali kuwa ya fi.

Asma'u, babbarku, ita ce ta fi kowa gaya mini gaskiya, tunda kwamfuta ta karanta. Wata rana ina cikin yi mata bayanin yadda kamfanin yake kula da masu sayen kayansa, ta bari na kai aya, sannan ta ce:

"Baba, kamfanin ga hwa bai san da kai ba."

Na ce mata ƙuruciya ke damunta.

A Argungu abin ya fi haka. Yaya Mamman bai bar gidan mahaifinmu ba, da damina shinkafa, da rani albasa, tsakaninsu kuma ya ɗauki homarsa ta kamun kifi da gora ya shiga ruwa. Wayarsa baƙa ce mai kauri, an ɗaure bayanta da roba, kuma ta faɗa kogi ya fi sau biyar. Yadda suke yi a gidan sananne ne: idan waya ta sha ruwa sai a ɓalle bayanta, a fitar da batir da mamori, a miƙa wa Kulu gangar jikin ta ajiye a gefen ragar banda, can inda zafi bai da ƙarfi. Kafin kifi ya yi, waya ta bushe. A mayar da batir, ta kama, sai dai mako guda duk wanda ya kara ta a kunne zai ji ƙaurin tarwaɗa. Ranar da na fara kai masa tawa, Yaya ya juya ta gaba da baya ya daɗe yana dubawa.

"Umaru, ta ina aka hidda batir?"

"Ba a hiddawa."

"To mamori hwa?"

"Ba ta buƙata tai. Kuma wagga ba ta jin ruwa, ko kogi ta hwaɗa sai dai a goge ta."

"Ashe," in ji shi, ya miƙo mini abata.

Kulu kuwa wasa ne tsakaninmu tun ranar da aka kawo ta gidan ina ɗan makaranta, irin wasan matar wa da ƙanin miji. Ba ta kirana da suna, sai maigida ƙarami. Ita ta raɗa wa wayar suna amarya. Da na yi sallama za ta ɗago daga bakin murhu ta ce:

"Maigida ƙarami, ka taho da amaryar? A shimhiɗa mata tabarma, ko tana iya zama ƙasa?"

Ni kuma in ce mata hannun da ya taɓa kifi ba ya taɓa ta. A yi dariya, ta ɗebo mini banda mai zafi a faifai.

Yanzu ga maganar gonar. Gonar gadonmu tana fadama ta wajen Augie, kuma gefenta ɗaya yana taɓa wani reshen kogi da ba ya ƙafewa da rani. Wannan bakin ruwan shi ne ran gonar, da shi Yaya yake ban ruwan albasa, albasar kuma ita ke riƙe gidansa daga girbin shinkafa zuwa saukar damina. Ni ina da fansho, gonar a wurina wurin kai baƙi ne su ga kore. Maƙwabcinmu a wurin Malam Bawa ne. Babu takarda tsakaninmu da su, ba a taɓa yi ba. Iyakar fadama a bakin tsofaffi take, domin duk shekarar da ruwa ya yi yawa yana share kunyar iyaka, idan ya janye sai dattawan gidajen biyu su fito su taka, su ce daga nan zuwa nan, a sake ja. A gidanmu wanda ya rage da wannan sani Baffa Nomau ne, ƙanin mahaifinmu, kuma ƙafa ta fara gagararsa. Ni na kawo shawarar a ɗauke shi a bidiyo tun yana iya takawa, kuma shawara ce mai kyau, ba zan hana kaina wannan ba. Wata safiya da rani muka haye da shi a jirgi, Malam Bawa ma ya zo da sandarsa. Yaya ya zaro baƙar wayarsa zai ɗauka shi ma, na ce ya mayar da ita aljihu, kada muryar Baffa ta fito kamar ta kwaɗo a tulu. Ya mayar, ni na ɗauka da tawa. Littafin aljihun da na yi shekara talatin ina yawo da shi gona gona kuwa na baro shi a Gesse, don a ganina zamaninsa ya wuce. Baffa ya dafa giginya ya ce:

"Daga giginyag ga a yi gabas har suri. Daga suri a miƙe har bakin ruwa, wurin da turken jirgi yake. Haka ubanmu da uban Bawa sunka bar muna."

Malam Bawa ya dubi wayar, ya ce:

"Haka na. Ban da ja."

Hoto ya fito tar, har kukan tsuntsaye ana ji. A cikin jirgi muna dawowa Yaya ya ce in tura masa cikin tasa, yadda suke tura wa juna wa'azi da waƙa waya da waya. Muka gwada, tawa ta ƙi ganin tasa. Maimakon in ji kunya sai na ji daɗi, na ce masa ita ba ta magana da kowace irin waya, idan yana so ya sayi irinta. Ya ce to, in dai adana.

Abin da ba ku sani ba ya faru bayan wannan da kamar mako uku. Ina alwala a tsakar gidana na Gesse wayar ta zame daga aljihun gaba ta faɗi kan siminti. Fuskarta ba ta yi komai ba, amma gilashin bayanta ya tsage daga kusurwa zuwa tsakiya. Ba kowa a wurin. Na shiga kasuwa a ranar na sayo mata riga ta roba mai kauri na rufe tsagar, na ce wa mahaifiyarku don ƙura na saya. Ban kai ta gyara ba, domin masu gyaran sun san ni, kuma ni ne mutumin da ya cika majalisa da cewa wayarsa ba ta fashewa. Asma'u ta zo hutu ta ji labarin bidiyon Baffa, ta ce in ba ta wayar na minti goma ta kwashe shi ta ajiye a wurare biyu ko uku. Na san halinta, abu na farko da za ta yi shi ne cire rigar. Na ce mata babu inda ya fi cikin wayar aminci. Ta ce to in zuba a laftof da kaina. Na ce zan yi, sai dai ɗan abin da ake jona su da shi ya ɓace, ban kuma nemi wani ba.

Damina ta biyu bayan haka ruwa ya ci fadama yadda ban taɓa gani ba. Kafin nan Baffa Nomau ya rasu, Malam Bawa ya bi shi da wata huɗu. Da ruwa ya janye, giginyar ta faɗi ta tafi, surin ya narke, turken jirgi babu ko alamarsa. 'Ya'yan Malam Bawa suka ja kunyarsu inda suke ganin nan ne, sai ga bakin ruwan ya koma cikin tasu. Ina so ku sani ba maƙaryata ba ne, ba su je ranar da aka taka ba, kuma fadama bayan ambaliya ko'ina kama yake da ko'ina. Da Yaya ya ce akwai muryar mahaifinsu a wayar ƙaninsa, babbansu ya ce idan ya ji tsohonsu ya ce haka ne, da hannunsa zai mayar da kunyar. Mai gari ya sa rana, ya ce a zo gonar da wayar kowa ya gani.

Na isa Argungu ana gobe za a zauna. Bayan azahar muka haye ni da Yaya don mu duba wurin, a hanyar dawowa jirgin ya kafe a yashi, na sunkuya zan taya shi turawa, wayar ta sulale daga aljihun nan dai na gaba. Ruwan bai kai gwiwa ba. Na tsamo ta, fuskarta na haske, na goge ta da hannun riga na nuna masa.

"Ka gani ko? Na hwaɗa maka ba ta jin ruwa."

Ya ci gaba da tura jirgin. Kafin mu kai gida fuskar ta fara rawa, muna shiga zaure ta ɗauke. Na danna, na girgiza, shiru. Ni kuwa na san ta inda ruwan ya shiga. Aka kira la'asar, na ajiye ta kan tabarma a tsakar gida na ce wa kowa zafi ta ɗauka, a bar ta ta huta, muka tafi masallaci.

Da muka dawo ba ta kan tabarmar. Rigar robar tana kan turmi, wayar kuma tana gefen ragar banda, can inda Kulu take ajiye ta mijinta. Ta nemi inda ake fitar da batir ba ta samu ba, sai ta ɗora ta haka nan. Batirin ya kumbura ya ɗaga bayan, gilashin ya yi raga-raga, tana ƙaurin hayaƙi. Na tsaya ina kallonta, kuma zan faɗi abin da na ji tunda don shi nake rubutun nan: sauƙi na ji. Tsohuwar tsagar ta ɓace a cikin sababbi. Daga nan na buɗe baki. Ban tuna duk abin da na ce ba, amma na tuna na ce jahilci, na ce ƙauyanci, na ce ta ƙone gonar mijinta da hannunta, duk a gaban 'ya'yanta da maƙwabtan da suka leƙo. Yaya ya juya ya dube ta.

"Kulu, wa ya aike ki?"

"Ba kowa. Na ga ta jiƙe."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta koma ta ci gaba da juya kifinta.

Washegari aka zauna a gonar babu shaida. Na ba da labarin abin da Baffa ya faɗa, amma ni ɗan gida ne, kuma ko ni da aka ce in nuna inda surin yake sai na tsaya ina waige-waige. Mai gari ya yi abin da ake yi, ya raba wurin da ake jayayya a kai gida biyu. Rabin da ya faɗo mana shi ne na tudu, bakin ruwan ya tafi. Ba a yi faɗa ba, aka yi addu'a aka watse.

Da na koma Birnin Kebbi na kai gawar wayar wurin wani mai gyara da bai san ni ba, ko za a ceto bidiyon. Dattijo ne mai tabarau, ya buɗe ta ya duba da gilashinsa ya daɗe, sannan ya nuna mini da bakin ɗan ƙarfensa.

"Alhaji, wagga tsaga ta nan tsohuwa ta, dubi datti cikinta. Ta nan ruwa ya shiga tana kunne. Tun kahin ta ga wuta ta riga ta mutu."

Na tambaye shi, da ba a sa ta a wuta ba fa? Ya ce da wuya, irin waɗannan komai nasu a manne yake, ba kamar masu mamori ba da za a zare a sa a wata. Na yi masa godiya. Da na dawo gida na ce mai gyara ya ce wuta ce ta cinye komai. A cikin makon na sayi sabuwa, ta kamfanin nan dai, wadda ta fi waccan sirantaka. A ranin nan Yaya yana neman injin ban ruwa da dogon tiyo da zai jawo ruwa ta bayan gonar su Bawa, bai roƙe ni ba, ni ma ban tambaya ba. Ya yi albasa rabin abin da ya saba, shekara ta gaba ya bari gaba ɗaya, ya koma ruwa da homa a shekarun da ya kamata a ce ya huta.

Ban daina zuwa Argungu ba. Kulu tana gaishe ni, tana kawo abinci, tana tambayar mutanen gida. Sai dai daga ranar ban sake jin maigida ƙarami ba, na koma Malam Umaru. Ku kuma kuka ɗauki labarin kuka ƙara masa gishiri, har aka kai ga cewa ta barbaɗa wa wayar yaji. Idan ana bayarwa tana wurin takan tashi ta shiga ɗaki, ku ce kunya take ji. Yaya ya rasu shekara biyu da suka wuce. A zaman makoki na yi niyyar in yi magana, sai na ga mutane sun yi yawa.

Ranin da ya wuce na shirya na tafi ni kaɗai. Na same ta da hantsi a bakin murhun nan, ta tsufa, tana juya kifi da hannu ɗaya, ɗayan yana kare ido daga hayaƙi. Na zauna kan turmi na faɗa mata komai, faɗuwar wayar a Gesse, rigar roba, maganar mai gyara. Na shirya wa kuka, na shirya wa zagi. Ba ta ko ɗago ba.

"Na sani," ta ce. "Ni na tuɓe mata riga rannan, ina biɗar inda aka hidda batir. Na ga tsagar, har da datti cikinta."

"To mi ya hana ki hwaɗi?"

"Ka riga ka yi ihu gaban yayanka. In na hwaɗi, da wane ido za ka koma shigowa gidanga? Ku biyu kunka rage."

Can na tambaye ta ko ta taɓa gaya wa Yaya, ko da daga baya.

"A'a. Na bar maka, na ce kai za ka hwaɗa mai da bakinka." Ta juya wani kifin. "Ya tahi shina tsammanin ni ta."

Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta naɗe mini banda a takarda in kawo wa mahaifiyarku, ta ce Malam Umaru a sauka lafiya.

Wannan babin a laftof ɗin kamfanin nan na buga shi, ta uku da na saya, don halina bai canza ba kuma ba zan yi muku ƙaryar ya canza ba. Sai dai Asma'u ta kwashe shi ta ajiye a wurare uku, ta kuma fitar da shi a takarda. Idan salla ta zo kuka ga lallai sai an ba da labarin wayar da aka yi wa banda, ku fara daga ranar da ta faɗi a tsakar gidana na Gesse, kuma ku ba da shi Kulu tana zaune.